Robert Graves: Likitan Ayalan da ya ciyar da masu zazzaɓi

Duk ɗalibin likitanci da ya kai ga darasin cututtukan wuya, a Kano yake ko a Ibadan ko a Landan, yakan haɗu da sunan Graves. Suna ne na wata cuta da ke kumbura gaban wuya, ta hanzarta bugun zuciya, ta kuma turo idanu waje. Mai sunan, Robert James Graves, likita ne ɗan ƙasar Ayalan wanda ya rayu daga 1796 zuwa 1853. Shafuka kaɗan ya rubuta a kan wannan cuta. Mafi yawan shekarunsa na aiki sun ƙare ne a kan matsaloli biyu: yadda za a koya wa matashi aikin likita ba tare da talaka ya biya kuɗin karatun da ransa ba, da kuma yadda za a yi jinyar mai zazzaɓi a ƙasar da yunwa da annoba suka mayar da ita gida.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Graves a birnin Dublin a watan Maris na 1796, a gidan ilimi da rufin asiri. Mahaifinsa, Richard Graves, babban malamin coci ne, kuma farfesan ilimin addini a Kwalejin Trinity, wadda ita ce jami'a mafi daɗewa a ƙasar. Yana gab da cika shekara biyar, wato a 1801, aka haɗe Ayalan da Birtaniya a ƙarƙashin majalisa ɗaya mai zama a Landan, aka rushe majalisar da ke Dublin. Masu mulki da masu hannu da shuni da dama suka bi majalisar zuwa Ingila, birnin ya saura da ɗimbin talakawa cunkushe a tsofaffin gidaje, iyalai da yawa a gida guda.

A Trinity ya yi karatu, ya kammala digirin likita a 1818. Shekarun ƙarshe na karatunsa sun zo daidai da annobar zazzaɓin taifus da ta mamaye Ayalan tsakanin 1817 da 1819. Taifus cuta ce da kwarkwatar jiki ke yaɗawa, takan yi ƙamari a inda mutane suke kwana a cunkushe, babu ruwan wanka, babu tufafin canji. Ta bambanta da taifod, wadda ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa da abinci. A wancan zamani ba a san da ƙwayoyin cuta ba, kuma likitoci sukan haɗa ire-iren waɗannan cututtuka a ƙarƙashin suna ɗaya, zazzaɓi. Sai a 1909 wani likitan Faransa, Charles Nicolle, ya tabbatar a birnin Tunis cewa kwarkwata ce ke ɗaukar taifus daga mutum zuwa mutum.

Shekara uku a kan hanya

Da ya kammala, bai buɗe wurin aiki nan take ba. Ya shafe kusan shekara uku yana zagaya makarantun likita na Turai, daga Landan zuwa Berlin da Göttingen da Hamburg da Copenhagen, ya ratsa Faransa da Italiya, ya kuma zauna a Edinburgh. Allah ya hore masa kunnen harshe. Abokin aikinsa William Stokes, wanda ya rubuta tarihinsa bayan rasuwarsa, ya ba da labarin yadda hukumomin Ostiriya suka tsare shi kwana goma bisa zargin leƙen asiri, domin sun ƙi yarda cewa baƙo daga tsibiran Birtaniya zai iya Jamusanci kamar ɗan ƙasa.

Stokes ya kuma rawaito cewa a tsaunukan Alps, a hanyar shiga Italiya, Graves ya haɗu da wani matafiyi mai yawan shiru da ke zane a littafinsa. Suka ƙulla abota, suka yi ta tafiya suna zane tare tsawon lokaci ba tare da ɗayansu ya tambayi sunan ɗan'uwansa ba. Daga baya ta bayyana cewa mutumin J.M.W. Turner ne, ɗaya daga cikin manyan masu zanen Ingila.

Labari na uku shi ya fi nuna halinsa. Yana cikin wani jirgin ruwa daga Genoa zuwa Sicily sai guguwa ta taso, jirgin ya fara shan ruwa, famfunan kwashe ruwa suka lalace. Matuƙan suka yanke shawarar tserewa a cikin kwalekwale ɗaya tilo da ke jirgin, su bar fasinjoji. Graves, wanda yake kwance ba shi da lafiya, ya tashi da gatari ya fasa kwalekwalen, domin ya tabbata ba zai jure wa igiyar ruwan ba. Da hanyar gudu ta toshe, sai ya karɓi ragamar jirgin, ya yanki fatar takalminsa ya gyara famfunan, aka kai gaci lafiya.

Abin da ya fi amfana da shi a tafiyar shi ne kwatanta hanyoyin koyarwa. A Edinburgh ya ga ɗalibai suna bin babban likita a ɗakin majinyata garke guda, na gaba suna ganin mara lafiya, na baya suna jin abin da ake faɗa daga nesa. A Jamus kuwa ya ga ana damƙa wa ɗalibi majinyaci, ya bincike shi da hannunsa, ya faɗi abin da ya gano, malami yana tsaye yana gyara masa.

Asibitin Meath

A 1821 ya dawo Dublin, aka naɗa shi likita a Asibitin Meath yana ɗan shekara 25. An kafa wannan asibiti a 1753 domin talakawan unguwar masaƙa ta birnin. A laccarsa ta farko ya fito fili ya soki tsarin da ya tarar. Ya nuna cewa ɗalibi yana iya karɓar takardar shaidar likita bai taɓa bincikar mara lafiya da kansa ba, bai taɓa bin cuta daga farkonta zuwa ƙarshenta ba. Irin wannan likita, a ganinsa, sai ya fita duniya yake fara koyon aiki, kuma kurakuran koyon a jikin marasa lafiya suke sauka, galibinsu talakawan da ba su da zaɓi.

Tsarin da ya shimfiɗa mai sauƙin bayani ne. Ana ba babban ɗalibi gadaje kaɗan su zama a wuyansa. Shi zai ɗauki tarihin ciwon, ya duba jiki, ya rubuta abin da ya gani kowace rana, ya faɗi cutar da yake zato da maganin da yake ganin ya dace. Idan aka zo zagayen safe, malami zai sake duba majinyacin a gabansa, ya tabbatar ko ya gyara. Ta haka ɗalibi yakan yi kuskurensa a lokacin da akwai mai kama shi kafin ya cutar da kowa.

Ya kuma yi watsi da harshen Latin, wanda a lokacin ake amfani da shi wajen koyar da likitanci, ya koma yin lacca da Turancin da ɗalibai ke ji sosai. Yana daga cikin waɗanda suka yaɗa al'adar ƙirga bugun jijiya da agogo, maimakon likita ya kama hannu ya yi kintace. Ya ja kunnen ɗalibansa a kan kausasa harshe ga majinyatan asibiti, yana mai nuna cewa talauci bai rage wa mutum darajarsa a gaban likita ba. Da fari ɗalibai ba su yi rububin wannan tsari ba, domin ya fi zaman sauraro wahala, wasu manya ma sun yi masa dariya.

A 1826 William Stokes ya zo Meath. Matashi ne da ya riga ya wallafa ɗan littafi a 1825 kan amfani da bututun sauraron ƙirji, wanda Bafaranshe René Laennec ya ƙirƙiro a 1816. Haɗuwar mutanen biyu ta ɗaga sunan asibitin, har ɗalibai suka riƙa zuwa daga Ingila da sauran ƙasashen Turai da Amurka. Tare da wasu likitocin birnin kamar Abraham Colles da Robert Adams da Dominic Corrigan, su ne tarihi ya sani da Makarantar Dublin ta likitanci. A 1827 aka naɗa Graves farfesa a Kwalejin Likitoci ta ƙasar, kuma daga 1832 ya shiga aikin tace mujallar likitanci ta Dublin, wadda Robert Kane ya kafa a shekarar.

Abinci ga mai zazzaɓi

Tun a 1822 gwamnati ta tura shi Galway, a yammacin ƙasar, tare da wasu likitoci, lokacin da ƙarancin abinci da taifus suka haɗu a yankin. A can ya ga zazzaɓi a jikin mutanen da yunwa ta riga ta cinye. Dublin ma ta sha wata annobar a 1826 da 1827, ɗakunan Meath suka cika maƙil.

Jinyar da aka saba yi wa mai zazzaɓi a lokacin ita ce a rage masa ƙarfi. Ana ɗibar jininsa ta hanyar tsaga jijiya ko ɗora masa matsattsaku, a ba shi maganin wankin ciki, a hana shi abinci kwana da kwanaki sai ruwa-ruwa marar ƙarfi. Tunanin da ke bayan wannan shi ne zazzaɓi wuta ce a jiki, abinci kuma itace ne. A Faransa, babban likita François Broussais ya ƙarfafa wannan hanya da koyarwarsa cewa kumburin ciki da hanji ne tushen zazzaɓi.

Graves ya bi maganar ta wata fuska. Ya lura cewa lafiyayyen mutum ma idan aka hana shi abinci na tsawon kwanaki, ciwon ciki zai kama shi, ƙarfinsa ya ƙare, daga bisani hankalinsa ya gushe. Waɗannan su ne alamomin da likitoci ke gani a makonnin ƙarshe na zazzaɓi suna ɗora wa cutar. Mai zazzaɓi kuma ba ya jin yunwa, wani lokaci ba ya cikin hayyacinsa, don haka ba zai nemi abinci ba ko da jikinsa yana bukata. Saboda haka, a ra'ayinsa, wani kaso na waɗanda ake cewa zazzaɓi ya kashe, yunwar da likita ya ƙaƙaba musu ce ta ƙarasa su.

Bai ce a cika wa majinyaci ciki ba. Ya koyar da cewa bayan kwanakin farko na ciwon a fara ba shi abinci mai laushi kaɗan-kaɗan, a kai a kai, kamar kunu da ya dahu sosai, daga baya a ƙara da romo, ana lura da yadda jikinsa ke karɓa. Stokes ya ba da labarin wata rana da suke zagaya ɗakin masu murmurewa, Graves ya ga yadda waɗanda suka tashi daga taifus suka yi kyan gani, ya danganta hakan ga ciyarwar da ake yi musu. Cikin raha ya ba abokan tafiyarsa shawarar cewa idan ya mutu suka rasa abin rubutawa a kabarinsa, su rubuta cewa shi ne mutumin da ya ciyar da zazzaɓi.

Ba duk magungunansa ne suka tsira daga hukuncin zamani ba. Ya yi amfani da wani sinadarin dalma wajen jinyar kwalara, ya kuma haɗa ofiyom da wani magani mai sa amai ga masu sambatun zazzaɓi. Likitancin yau ya yi watsi da waɗannan. Maganar ciyar da majinyaci kuwa ta zauna daram.

Cutar da ta ɗauki sunansa

A cikin laccocin da ya gabatar a Meath, waɗanda wata mujallar likitanci ta Landan ta buga a 1835, ya yi bayanin mata uku da ke fama da matsanancin bugun zuciya tare da kumburin ƙwayar tayirod da ke gaban wuya. A ɗaya daga cikinsu, ya ce yana iya jin bugun zuciyarta daga nisan kusan ƙafa huɗu. Ya ƙara da labarin wata matashiya mai shekara 20 wadda idanunta suka turo har fatar ido ba ta iya rufe su idan tana barci, farin idon yana bayyana kewaye da baƙin. Ya jaddada cewa wannan kumburi daban yake da maƙoƙon da aka saba gani.

A nan ya yi daidai. Maƙoƙon da ya fi yawa a sassa da dama na duniya, har da wasu yankunan Najeriya, ƙarancin sinadarin aidin a abinci ne ke kawo shi, shi ya sa ake sanya aidin a gishiri. A cutar Graves kuwa, garkuwar jiki ce ke kuskure ta riƙa zaburar da ƙwayar tayirod, sai ta zubo sinadarinta fiye da kima. Mai ita yakan rame alhali yana cin abinci sosai, hannunsa ya riƙa rawa, ya yawaita gumi, ya kasa jure zafi. Ta fi kama mata. Shi kansa Graves ya ɗauka daga zuciya da jijiyoyi matsalar take tasowa. Sai a 1956 wasu masu bincike biyu a New Zealand, Adams da Purves, suka gano abin da ke zaburar da ƙwayar a cikin jinin majinyata.

Ba shi ne farkon wanda ya lura da cutar ba. Caleb Parry, likita a garin Bath na Ingila, ya riga shi, kuma an buga bayanansa a 1825 bayan rasuwarsa. A 1840 Bajamushe Karl von Basedow ya yi nasa cikakken bayani, shi ya sa a ƙasashe da dama na nahiyar Turai sunan Basedow cutar take amsawa. Babban likitan Paris, Armand Trousseau, wanda ke matuƙar girmama rubuce-rubucen Graves, shi ne ya raɗa mata sunansa a farkon shekarun 1860, bayan mai sunan ya bar duniya.

Kwalara da babbar yunwa

Kwalara ta isa Ayalan a 1832. Likitoci da yawa a lokacin sun yi imanin cewa gurɓatacciyar iska ce ke kawo ta. Graves ya bi sawun annobar daga Indiya zuwa Turai da Amurka, ya nuna cewa hanyoyin fatauci da tashoshin jiragen ruwa take bi, kuma ba ta taɓa riga matafiya isa wani wuri ba. Daga nan ya kafa hujjar cewa mutane ne ke ɗauke da ita daga gari zuwa gari. Bai kai ga gano rawar da ruwan sha ke takawa ba. Wannan aikin John Snow ne, wanda bincikensa na Landan a 1854 ya zo shekara guda bayan rasuwar Graves.

A 1845 wata cutar shuka ta faɗa wa dankalin Turawa, abincin da miliyoyin talakawan Ayalan suka dogara da shi. Yunwar da ta biyo baya ta kai har 1852. Daga cikin al'umma ta sama da miliyan takwas, kimanin miliyan ɗaya suka mutu, kimanin miliyan ɗaya kuma suka yi hijira. Mafi yawan mamatan cututtuka ne suka kashe su, musamman taifus da zazzaɓi mai komowa da atuni.

A nan saɓani ya shiga tsakaninsa da Dominic Corrigan. A 1846 Corrigan ya wallafa ƙasida yana cewa yunwa ce ke haifar da zazzaɓi, don haka maganin annobar shi ne abinci. Graves bai musanta cewa yunwa na raunana jiki ba, amma ya dage cewa zazzaɓin yaɗuwa yake daga mutum zuwa mutum. Ya yi gargaɗin cewa tara mayunwata a gidajen gajiyayyu da wuraren aikin agaji da layukan rabon abinci yana hura wutar annobar. Hujjarsa ita ce cutar tana kashe likitoci da limaman coci da jami'an agaji, waɗanda ba yunwa suke ji ba. Ilimin da aka samu daga baya game da kwarkwata ya nuna cewa a kan hanyar yaɗuwar cutar, gaskiya tana wajen Graves, ko da yake yunwar ce ta kori mutane daga gidajensu ta tara su wuri guda.

Saɓanin ya ƙara zafi a 1847, lokacin da Hukumar Lafiya ta Tsakiya, wadda Corrigan ke cikin jagororinta, ta tsayar da sule biyar a rana a matsayin ladan likitocin da ke aiki a asibitocin zazzaɓi. Likitoci suna mutuwa a bakin wannan aiki, kuma da yawansu sun ɗauki kuɗin a matsayin cin fuska. Graves ya rubuta suka mai kaifi a kan hukumar, ya ambaci Corrigan da suna. A shekarar ce Kwalejin Likitoci ta ƙi amincewa da ba Corrigan matsayin girmamawa da ya nema, dangantakar mutanen biyu kuma ta yi tsami.

Littafinsa da ƙarshen rayuwarsa

A 1843 ya tattara laccocinsa ya wallafa su a littafi guda, aka sake buga shi da ƙari a 1848. An fassara shi zuwa harsunan Turai, Trousseau ya rubuta gabatarwar fassarar Faransanci, inda ya shawarci ɗalibansa su riƙe littafin kamar abin karantawa kullum. A 1843 ɗin ne Graves ya ajiye aikinsa a Meath bayan shekara 22, aka kuma zaɓe shi shugaban Kwalejin Likitoci, ya riƙe muƙamin a 1843 da 1844.

Rayuwarsa ta gida ta haɗu da jarrabawa. Matansa biyu na farko sun rasu suna da ƙuruciya, kowace bayan ɗan gajeren zama, kafin ya yi aure na uku a 1830. Waɗanda suka san shi sun siffanta shi da mutum dogo, mai kwarjini, mai zafin muhawara, wanda ba ya ɓoye ra'ayinsa ko da zai ɓata wa manya rai. Wannan hali ya jawo masa masoya a cikin ɗalibai da abokan hamayya a cikin tsara.

A ƙarshen rayuwarsa ya sayi gidan Cloghan Castle a yankin da yanzu ake kira Offaly, amma bai daɗe yana morarsa ba. Ciwon hanta ya kama shi, ya rasu a gidansa da ke dandalin Merrion a Dublin ranar 20 ga Maris, 1853, yana da shekara 56. An binne shi a maƙabartar Mount Jerome. A 1863 Stokes ya tattara sauran rubuce-rubucensa ya buga tare da tarihin rayuwarsa.

Asibitin Meath ya ci gaba da aiki har 1998, lokacin da aka mayar da ayyukansa sabon asibitin Tallaght a gefen birnin. A ginin Kwalejin Likitoci da ke titin Kildare, an kafa mutum-mutumin Graves a 1877, kuma babban zauren ginin sunansa yake amsawa. Corrigan, wanda aka taɓa rufe wa ƙofa, daga baya ya shugabanci kwalejin daga 1859 zuwa 1863, shi ma akwai zaure da sunansa da mutum-mutuminsa a cikin ginin. Tsarin da Graves ya dasa a Meath a 1821, na damƙa wa ɗalibi gado ya bincika, ya rubuta, ya gabatar a gaban malaminsa a zagayen safe, shi ne ake bi a asibitocin koyarwa na ƙasashe masu yawa har yau.